Ramukan wata ba zancen Turawa kaɗai ba ne

A watan Yulin 2024, wasu masana na Jami'ar Trento da ke Italiya, ƙarƙashin jagorancin Leonardo Carrer da Lorenzo Bruzzone, suka fito da hujjar cewa akwai kogo a ƙarƙashin ƙasar wata, kuma bakinsa a buɗe yake. Ba su harba roka ba, ba su tura kumbo ba. Bayanan da suka yi aiki da su, wata na'urar rada da ke jikin kumbon Amurka mai suna LRO ce ta ɗauko su tun 2010, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta zuba su a rumbun da kowa zai iya shiga ta intanet ya ɗiba ba tare da biyan ko sisi ba. Shekara goma sha huɗu bayanan na ajiye, sai da aka samu waɗanda suka zauna suka karanta su da sabuwar dabara. Tun da na ji wannan labari abin yake tsaya mini a rai, domin aikin da aka yi a Trento aikin tebur ne da kwamfuta da haƙuri, irin wanda za a iya yi a Zariya ko nan Kaduna in har an sa kai. Ni kuma ina ganin ya zama dole mu sa kai, kuma lokacin bai da yawa.

Duk wanda ya taɓa kallon hoton wata na kusa ya ga fuskarsa cike da gurabe zagayayyu, manya da ƙanana, ba iyaka. Waɗannan sawun duwatsun sama ne da suka yi ta faɗa masa: dutse ya zo a guje, ya bugi ƙasa, ya watsa ta gefe, ya bar kwari mai tudu a baki da gangare a kwance. Ramukan da nake magana a kansu daban suke. Ba su da tudu a baki, babu ƙasar da ta tarwatsu kewaye da su, bangonsu a miƙe yake sambal, wasu ma cikinsu ya fi bakinsu faɗi. Wannan ya nuna ƙasa ce ta rufta cikin wani sarari da yake can ƙarƙashinta tun da.

Kumbon Japan mai suna Kaguya ne ya fara hango irinsu. A 2009 Junichi Haruyama da abokan aikinsa suka sanar da ramin da ke yankin tuddan Marius, mai faɗin kusan mita 60. Daga baya aka ga wasu manya biyu, ɗaya a filin Mare Ingenii da ke bayan wata, ɓangaren da ba ma taɓa gani daga duniya, ɗayan kuma a filin Mare Tranquillitatis, wanda a cikinsa ne Apollo 11 ya sauka a 1969. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ɗaukar hankali: faɗinsa kimanin mita 100, zurfinsa ma ya haura mita 100, yana da nisan kusan kilomita 400 daga inda Neil Armstrong ya taka. A 2009 ɗin dai NASA ta harba LRO da kyamarar da ke iya rarrabe abu mai girman rabin mita, masana na Jami'ar Jihar Arizona suka bi hotunanta ɗaya bayan ɗaya har suka ƙirga ramuka sama da 200. Sai dai yawancinsu ƙanana ne, a cikin dutsen da ya narke lokacin da wani babban dutsen sama ya faɗo, ya sake daskarewa. Waɗanda ake kyautata zaton ƙofofi ne zuwa dogayen koguna ba su wuce kimanin 16 ba. A riƙe wannan adadi, domin shi ne ƙashin bayan maganata.

Ina kogunan suka samo asali? Baƙaƙen tabon da muke gani da ido a fuskar wata daren sha huɗu, narkakken dutse ne da ya ɓulɓulo daga cikinsa ya malale manyan kwaruruka, yawancinsa fiye da shekara biliyan uku da suka wuce. Idan irin wannan dutse yana kwarara, samansa ne ke fara hucewa ya yi tauri ya zama rufi, cikinsa kuma ya ci gaba da gudu da zafinsa. Ranar da maɓuɓɓugar ta tsaya, sauran ya tsiyaye gaba, sai a bar dogon rami rufaffe. In wani ɓangare na rufin ya yi rauni ya faɗa ciki, ga ƙofa ta samu. A duniyarmu ma akwai su. Kogon Kazumura na tsibirin Hawai ya haura kilomita 60. A Kenya akwai wani a tuddan Chyulu. Alhazanmu da suka je Madina sun ga baƙaƙen duwatsun da suka kewaye garin. Aman dutse ne, kuma na baya-bayan nan kusa da birnin ya auku a 1256, malaman tarihin Musulunci sun rubuta labarinsa. Arewa da Madina, wajen Khaibar, akwai kogon Umm Jirsan mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, wanda bincike ya nuna makiyaya sun yi dubban shekaru suna fakewa a cikinsa da dabbobinsu. Bambancin wata shi ne ƙarfin da yake jan abu ƙasa kashi ɗaya ne cikin shida na duniya, don haka rufi zai iya yin faɗi sosai bai rufta ba. Lissafin da aka yi a Jami'ar Purdue ta Amurka ya nuna kogo mai faɗin kilomita guda ma zai iya tsayawa a can. A 2017 kuma radar Kaguya, haɗe da awon nauyin ƙasa da tagwayen kumbunan GRAIL suka yi a 2012, ta ba da alamar wani rami mai tsawon da zai iya kai kilomita 50 a ƙarƙashin yankin Marius.

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a nan cikin gari, kuma na taɓa buɗe wa ɗalibaina hoton ramin Tranquillitatis a kwamfuta. Ƙasa ce toka-toka shimfiɗe, sai ga baƙin da'ira a tsakiya. Da muka matso da hoton, rana ta haska rabin gindin ramin, ana ganin tarin duwatsu ƙurum a zube, kowanne da inuwarsa, ɗaya rabin kuwa baƙi ƙirin, domin babu iska a can da za ta warwatsa haske cikin inuwa. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ƙasar da ta cike wurin da, ina ta tafi?" Wannan ita ce ainihin tambayar da masana suka yi. Abin da ke zube a gindin bai kai ya cike ramin ba, ke nan akwai inda saura ya shige. Hotunan da LRO ya ɗauka a karkace sun nuna gindin ya kutsa ƙarƙashin bango da aƙalla mita 20, daga nan duhu ya hana kyamara gani. Rada kuwa ba ta buƙatar hasken rana, nata saƙon take aikawa ta saurari dawowarsa. Mutanen Trento sun lura da wani amsa-kuwwa da bai dace da rami rufaffen gindi ba, suka gina siffofi iri-iri a kwamfuta har suka samu wadda ta yi daidai da shi: hanya mai gangarawa, faɗinta kimanin mita 45, tsawon da aka iya gani tsakanin mita 30 da 80, a zurfin mita 130 zuwa 170 daga sama.

Abin da ya fi burge ni a ramukan nan ba kogon ba ne ma, bangon ne. Wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiyar da ake haƙa a Rigasa ko Mando ya san abin da nake nufi. Ka leƙa, ka ga jar ƙasa a sama, sai marmara, sai yumɓu, sai ruɓaɓɓen dutse mai ɗan danshi, kafin a isa dutse mai rai. Tsohon mahaƙi yana kallon abin da ke fitowa a guga zai gaya maka gaba nawa ya rage a tarar da ruwa. Bangon ramin wata haka yake, shimfiɗa kan shimfiɗa, kowace mai kaurin 'yan mitoci, kowace kuma malalar dutse guda ce da ta zo a zamaninta ta daskare, wata ta zo ta hau kanta. 'Yan sama jannatin Apollo sun dawo da kilo 382 na dutse da ƙasa tsakanin 1969 da 1972, amma kusan duka daga sama suka tsince su, inda faɗowar duwatsu ta biliyoyin shekaru ta riga ta cakuɗa komai. Haƙa mafi zurfi da suka yi bai wuce kimanin mita uku ba. A nan kuwa ga gomman mitoci a yanke, a jere yadda aka ajiye su, babu ruwan sama ko iska ko saiwar itace da ta taɓa su.

Daga wannan jeri za a san ko aman dutsen wata ya zo ne da ambaliya ɗaya mai girma ko kuwa kaɗan-kaɗan cikin dogon zamani, a san yadda cikin wata ya yi ta hucewa, a auna ƙarfin maganaɗisun da yake da shi a da wanda yanzu ya gushe. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Tsakanin malala ɗaya da ta bayanta, ƙasa takan zauna a buɗe na wani lokaci tana shan ƙananan ƙwayoyin da rana ke fesowa, sai sabuwar malala ta zo ta binne ta. Masana na sa ran samun irin wannan tsohuwar ƙasa a matse tsakanin shimfiɗun, ɗauke da shaidar yadda ranarmu take biliyoyin shekaru da suka wuce, a daidai zamanin da rayuwa ke farawa a duniya. Duniyarmu ta goge yawancin shaidar wancan zamani da ruwanta da iskarta da motsin ƙasarta. Wata bai goge ba. An taɓa gabatar wa NASA da shirin tura wata ƙaramar mota mai taya biyu ta sauka bangon ramin Tranquillitatis a ɗaure da igiya tana auna kowace shimfiɗa. Laura Kerber ce ta jagoranci shirin, amma ba a zaɓe shi ba. Har yau babu na'urar da ta shiga ko ɗaya daga cikin ramukan.

Sai dai ba wannan ne ke jan hankalin masu kuɗi da gwamnatoci ba. Su mafaka suke gani. Yini guda a wata yana ɗaukar kusan mako biyu, zafi ya kai digiri 127; dare ma mako biyu, sanyi ya sauka zuwa digiri 173 ƙasa da sifili. Babu iskar da za ta tare ƙananan duwatsun da ke zuwa da gudun da ya fi na harsashi. Kumbon Sin mai suna Chang'e 4, wanda ya sauka bayan wata a 2019, ya auna haskoki masu cutar da jiki da ke zubowa daga rana da sararin samaniya, ya tarar sun ninka na doron duniya kusan sau 200. Rufin dutse mai kauri yana maganin duk waɗannan. A 2022 Tyler Horvath da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka lissafa cewa inuwar cikin ramin Tranquillitatis tana zaune a kusan digiri 17 dare da rana. Mutumin Kaduna ya san digiri 17, shi ne irin sanyin safiyar hunturu. Wuri ne da ɗan'adam da na'urorinsa za su iya jurewa, kuma a gine aka same shi.

Nan ne damuwata take. Wuri guda ne ke ɗauke da amfani biyu, kuma na biyun yana iya lalata na farkon. A Nuwamban 1969 Apollo 12 ya sauka kusa da wani tsohon kumbo mai suna Surveyor 3, tazarar da ba ta kai mita 200 ba. Da aka kwance wasu sassansa aka dawo da su duniya, sai aka ga ƙurar da injin saukar ya hura ta kankare jikinsu. Saukar ƙaramin kumbo guda ke nan. To ina ga ranar da za a girke injuna a bakin rami, a huda bango a kafa ƙarafa, a zuba hayaƙin roka da tururin numfashi da ƙwayoyin cutar jikin mutum a wurin da ya yi shekara biliyan uku ba abin da ya shige shi? Abin da aka gurɓata a can ba ya wankuwa. Da ramukan dubbai ne da sai a ce a ɓata goma a bar saura. Goma sha shida ne, kuma ba lallai kowannensu ya zama da kogo ba. Matsayina a fili yake: kada a gina komai a cikin ko ɗaya daga manyan ramukan nan sai an fara auna shi, an ɗebi samfurin bangonsa, an kuma saki sakamakon ga duniya baki ɗaya. Ba na adawa da mutum ya zauna a wata. Ina adawa da a fara da zama kafin karatu.

Na faɗi irin wannan magana a majalisarmu bayan sallar isha'i, wani dattijo da muke girmamawa ya dube ni ya ce, "Malam, kai da kake kwana ba wuta, yaranka na aji sun fi ɗari, hanyar Birnin Gwari sai da addu'a, me ya kai ka ramin wata?" Na ce, "Baba, gaskiyarka," domin gaskiyarsa ce, kuma duk wanda ya raina wannan tambaya bai san halin da mutane ke ciki ba. Amsata ita ce ban nemi a cire kobo daga kuɗin asibiti ko na tsaro a sayi roka ba. A 2024 an sanar da wata yarjejeniya da za ta ba ɗan Najeriya kujera a rokar kamfanin Blue Origin, tafiyar da ba ta wuce minti goma sha ɗaya ba. Zai faranta wa yara rai, kuma wannan ma wani abu ne, amma ba zai bar mana masani ko guda ba. Abin da nake nema ya fi wannan araha nesa ba kusa ba: malamai biyu ko uku a sashen ilimin duwatsu da na fiziks, ɗalibai 'yan kaɗan masu digiri na biyu, ɗaki mai sola da intanet mai ƙarfi, da tallafin bincike na shekara uku daga irin wanda asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ke bayarwa dama.

Kuma ilimin ba a sama zai tsaya ba. Yaron da ya koyi gane rami a ƙarƙashin ƙasa daga saƙon rada, shi ne zai iya zana taswirar ambaliya ta cikin gajimare lokacin da Kogin Kaduna ya cika, domin taurarin ɗan'adam na Turai masu suna Sentinel-1 irin wannan rada suke ɗauke da ita, bayanansu ma kyauta ne. Shi ne zai iya duba tsofaffin ramukan kuza na Filato, da wuraren haƙar ma'adinai irin wanda ya rufta da mutane a yankin Shiroro a Yunin 2024, ya ce nan ƙasa ta fara zama, a janye. Muna da baƙin dutsen aman wuta a tudun Biu da kewayen Panyam a Filato, dangin wanda ya rufe filayen wata, ɗalibi zai iya taka shi da ƙafa ya fasa shi da guduma ya ga yadda malala ke hawa kan malala. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello, da Jami'ar Jihar Kaduna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da cibiyar fasaha ta sojan sama, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando. Garuruwa kaɗan ne a ƙasar nan suka tara irin waɗannan kusa da juna. Ko a sakandare akwai abin farawa: a shafin taswirar wata na kyamarar LRO, duk wanda ya nemi digiri 8.3 arewa da 33.2 gabas zai faɗa kan ramin Tranquillitatis. In ya auna tsawon inuwa, ya san kusurwar rana a lokacin da aka ɗauki hoton, lissafin kusurwa na aji biyar ya ishe shi ya fitar da zurfin. A wannan shafin dai ana ganin ƙafafun kumbunan Apollo da hanyoyin da 'yan sama jannati suka taka, kuma kumbon Indiya Chandrayaan-2 ma ya ɗauki hoton wurin saukar Apollo 11 da tasa kyamarar. Masu cewa ba a taɓa zuwa wata ba, kuma suna da yawa a cikinmu har da masu ilimi, gara a nuna musu wannan cikin mutunci da a tsaya musu da su.

Mun taɓa ganin abin da rashin masana ke jawowa. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da Zagami a ƙasar Katsina, dab da wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa. Aka kawo shi nan Kaduna, ofishin binciken ma'adinai na ƙasa. Daga baya aka gane ɓallin duniyar Mars ne, ɗaya daga cikin mafi girma da aka taɓa samu. An yi ta yanka shi, gutsattsarinsa suka watsu ɗakunan gwaji da hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje, har aka maƙala ɗan ƙanƙani a jikin kumbon da Amurka ta harba zuwa Mars a 1996. Yawancin abin da duniya ta sani game da dutsen Zagami, a waje aka gano shi. Na Mayo Belwa da ya faɗo a 1974 da na Gujba a 1984 su ma daga cikin nau'o'in da ba a cika samu ba ne. Allah ya kawo mana abin har gona, amma ba mu tanadi masu karanta shi ba. Wannan abin baƙin ciki ne, kuma bai kamata a maimaita shi ba alhali yanzu bayanan ma a tafin hannu suke.

Akwai kuma dalilin da ya sa na ce abin ya hau kanmu, ba sha'awa ce kawai ba. Ranar 13 ga Disamban 2022, a birnin Washington, Najeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a Yarjejeniyar Artemis, wadda Amurka ta tsara don shimfiɗa ƙa'idojin aiki a wata. Farfesa Isa Ali Pantami ne ya sa mana hannu, lokacin yana ministan sadarwa. Babbar dokar sararin samaniya ta 1967 ta ce babu ƙasar da za ta mallaki wata ko wani yanki nasa. Amma Yarjejeniyar Artemis ta amince wa mai aiki a wani wuri ya shata yankin kariya kewaye da shi don kada wani ya shigo ya jawo hatsari. A fili mai faɗi wannan ba matsala ba ce, kowa ya matsa gaba. A rami mai baki ɗaya kuwa, wanda ya fara girka kayansa a bakin ya riƙe kogon gaba ɗaya, ko da bai kira shi nasa ba. Yarjejeniyar ta yi maganar kare wuraren tarihi, wato inda mutane ko na'urori suka sauka da abin da suka bari. Sawun takalmin 1969 ya samu ambato, bangon da ya girme shi da shekara biliyan uku bai samu ba.

An taɓa yin irin wannan rabo ba mu shirya ba. Akwai wani da'ira a sama, kilomita 35,786 daga doron ƙasa bisa layin tsakiyar duniya, inda tauraron ɗan'adam ke zama daidai kan wuri guda. A nan taurarin talabijin da sadarwa suke, har da namu NigComSat-1R da aka harba a 2011. Ƙasashen da suka fara isa sun yi ta kama gurabe masu kyau. A 1976 wasu ƙasashe da ke kan layin tsakiyar duniya, ciki har da Kenya da Uganda da Kongo, suka taru a Bogota suka yi ƙorafi. Da'awarsu ta mallaka ba ta karɓu ba, amma matsin lambar ƙasashe masu tasowa ya sa a 1988 hukumar sadarwa ta duniya ta fitar da tsarin da ya tanadar wa kowace ƙasa gurbi. Ke nan maganar ƙaramar ƙasa tana tasiri in ta zo da hujja, kuma ta fi tasiri in ta zo kafin a gama rabo. Sa'ar da muka yi a wannan karon ita ce hankalin Amurka da Sin yanzu yana kan ƙuryar kudancin wata, inda ake sa ran ƙanƙara a kwarurukan da rana ba ta taɓa shiga, manyan ramukan kuwa ba can suke ba. Za a zo kansu daga baya. Tsakanin yanzu da lokacin, ƙofar magana a buɗe take.

Wurin maganar ma mun san shi. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da sararin samaniya cikin lumana yana zama a Vienna kowace shekara, Najeriya mamba ce, har ɗan ƙasarmu Adigun Ade Abiodun ya taɓa shugabantarsa daga 2004. Muna da hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, tun 1999, mun harba NigeriaSat-1 a 2003, injiniyoyinmu suka haɗa NigeriaSat-X da hannunsu aka harba shi a 2011. Ba baƙi ba ne mu a zauren. Abin da nake so Najeriya ta kai can, ta nemi goyon bayan sauran ƙasashen Afirka a kai, shi ne a fitar da sunayen manyan ramukan nan, a amince cewa babu gini ko shata yankin kariya na dindindin a bakin ko ɗaya sai an kammala bincikensa an saki bayanan ga kowa, a kuma ware wasu da ba za a taɓa ba sam. NASRDA da Ma'aikatar Harkokin Waje su ke da hurumin gabatar da wannan. Takardar ba za ta wuce shafi biyu ko uku ba, amma za a yi mata tambayoyi: wane rami, me ya sa shi, mita nawa daga bakinsa, wane awo ne zai isa a ce an gama. Lauya shi kaɗai ba zai iya amsa su ba, sai da masanin duwatsu a gefensa wanda ya yi shekaru yana duba hotuna da bayanan radar ramukan da kansa, kuma horar da irin wannan mutum yana cin aƙalla shekara biyar daga ranar da aka ɗauke shi.